Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano: a ɗauki tarihin gidajen tuwonmu tun masu su na raye

Zuwa ga Shugaban Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ma'aikatansa, Gidan Ɗan Hausa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto wannan takarda a fili inda kowa zai gani, domin abin da nake roƙo ba nawa ba ne ni kaɗai. Roƙona shi ne hukumarku ta shigar da tsofaffin wuraren cin abinci na birnin nan cikin aikinta. Ina nufin gidajen tuwo, da rumfunan waina, da tukubar 'yan tsire, da tanderun gurasa, da teburan masu shayi, waɗanda suka shekara arba'in ko hamsin ko fiye a wuri guda suna ciyar da jama'a. A je a zauna da masu su, a ɗauki maganarsu, a adana, tun suna da rai da ƙarfin tunani.

Na san abin da wani zai ce. Garin da yake da Dutsen Dala da Gidan Rumfa da ganuwa da karofin Ƙofar Mata, garin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shigar da hawan sallarsa cikin gadon al'adun duniya a 2024, me zai sa a koma maganar tukunya da muciya? To, ranka ya daɗe, baƙin da suka zo suka rubuta labarin Kano ba su raina tukunya ba. A watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, Baturen nan Hugh Clapperton ya shigo birni ya zaga kasuwa, ya kuma rubuta abin da idonsa ya gani kusa da 'yan nama: wuta ce ta itace a fili, an kewaye ta da tsinkaye, an tsira ƙananan yankan nama ana haɗa tsoka da kitse, masu ci suna zaune a kewaye, mace ɗaya da faifai a kan gwiwa tana raba musu, ga mai ruwan gero a gefe ga wanda yake da kuɗin saye. Har tsabtar wurin sai da ya yaba. Duk Bakanon da ya ji wannan ya san tsire ne. Shekara ɗari biyu ke nan. Kuma a lura, mace ce take sallamar mutane a wurin, abin da ba mu saba gani a tukuba ba yau. Da wannan baƙo bai tsaya ya duba ba, wa zai gaya mana? Mu da muke cin abin kullum, mu ne ba mu rubuta ba.

Bari in kawo gida ɗaya da na sani, domin magana ta fito fili. Gidan tuwo ne a Fagge, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Ba zan faɗi sunan masu shi a nan ba, tunda matan aure ne da iyali, amma idan hukuma ta nema zan kai wakilanta har ƙofa. Wadda ta kafa shi kowa Iya yake ce mata. Mijinta ne ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta fito da tukunya ɗaya da benci ɗaya a bakin zaure, a ƙarshen zamanin Turawa, kafin mulkin kai na 1960. Allah Ya jiƙanta. Bayanta 'yarta ta karɓa, wadda muke kira Hajiya, yanzu kuma jika ce take riƙe da wurin, Hajiya tana daga ciki. Babu allo, babu suna a bango, babu takarda ko ɗaya da ta ambaci gidan. Su kansu ba da shekarun boko suke lissafi ba, da abin da ya faru suke yi: kafin a canza kuɗi, bayan fari, shekarar Udoji da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, lokacin da aka rufe masaƙa.

Wannan lissafi nasu shi ne tarihin Kano kanta, daga inda talaka yake tsaye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, aka yi ta tara buhuna ana yin dala kafin a loda su zuwa Ikko. Hotunan dalar gyaɗa suna ko'ina, sunan Alhassan Ɗantata da sauran manyan 'yan kasuwa yana cikin littattafai, kuma sun cancanta. Amma kowane buhu da ke ƙololuwar dala, a kan wani mutum ya hau. Wannan mutum, galibi ɗan ci-rani ne da ya baro ƙauye bayan kaka, wani daga ƙasar Gumel ko Kazaure, wani daga Damagaram ko Maraɗi, ba mata a gari, ba tukunya, kwana a rumfa ko a zaure. Ina yake cin abinci? Irin su Iya ne suka riƙe shi. Hajiya ta ce a lokacin malmalar tuwo da kwabo ake saye, wanda ya ba da taro ko sisi kuwa har da tsoka. Leburori ba kullum suke da kuɗi a hannu ba, sai ranar biya, don haka ci ake yi a rubuta. Iya ba ta yi boko ba, ba ta da littafi. Gawayi take ɗauka ta ja layi a jikin bangon zaure, kowa da gefensa, ranar biya a zo a ƙirga a goge. Wanda ciwo ya kwantar, a aika masa da kunu, ba a ja masa layi ba.

Ba ciki kaɗai gidan ya tsare wa mutane ba. Ɗan ci-rani da ya tara 'yan kuɗinsa ba shi da inda zai ɓoye, sai ya ƙulle a tsumma ya ba Iya ajiya, damina ta gabato ya karɓi abinsa cif ya koma gona. Wanda ya zo daga ƙauye neman ɗan'uwansa, abin da aka gaya masa a gida shi ne, in ka sauka ka tambayi gidan Iya mai tuwo, a can za a nuna maka inda yake kwana. Saƙon haihuwa da na mutuwa a nan ake barinsu. Almajirai su ɗebo ruwa su wanke kwanuka, a ba su ƙanzo da ragowa, a cikinsu akwai waɗanda yau suke da rumfa a Kantin Kwari, kuma har gobe ba sa wucewa ba su leƙa sun gai da Hajiya ba.

Aikin kansa ya isa a tsaya a kalla. Tun asalatu ake hura wuta a murhu. Idan ruwa ya tafasa a yi rude a zuba, a bar talge ya yi ta bararraka sai ya nuna sosai, domin tuwon da talgensa bai nuna ba kafin azahar ya saki. Sannan a fara barbaɗa gari ana tuƙi. Muciyar ta kai ƙirjin mutum, mai tuƙi a tsaye take, ta kama da hannu biyu tana juyawa da ƙarfin kafaɗa, wata ta riƙe bakin tukunya da tsumma kada ta goce, hayaƙi da tururi suna dukan fuska. A rufe ya sulala, a zo da mara ana tsomawa a ruwa ana kwashewa, ana mulmula malmala ana jerawa. Miya kuma tana gefe, kuka da busasshiyar kuɓewa, da daddawar da ake sayowa wurin mutum ɗaya tun zamanin uwarta, da man shanu da aka soya da albasa. Hajiya ba ta taɓa auna kanwa da cokali ba, da yatsu uku take ɗiba, kuma daga ƙamshi take sanin miya ta yi. Mai ciniki ya zauna, yarinya ta kawo buta, a ce, Malam na nawa za a zuba? Ya faɗa. Tsoka nawa? Ya faɗa. In ya ci rabi ya ɗaga kai ya ce, Iya a ƙaro miya, ba a taɓa cewa ya ƙara kuɗi ba.

Duk wani juyi da ƙasar nan ta yi, sai da ya biyo ta wannan zaure. A ranar 1 ga Janairun 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ta zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, amma masu ciniki suka ci gaba da cewa a zuba na sule shekara da shekaru. A wannan tsakani ne fari ya ci arewa da ƙasar Nijar, mutane suka yi ta shigowa birni da yunwa, dawa ta yi tsada, Iya ta rage girman malmala maimakon ta ƙara kuɗi, domin ta san aljihun masu zuwa. Cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari, dala ta ɓace, 'yan dakon gyaɗa suka watse. A wannan tsakani kuma kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata, aka ga sababbin fuskoki a benci, masinjoji da akawu da direbobi, masu son shinkafa da nama biyu. Madatsar ruwan Tiga da aka gina zamanin Audu Baƙo ta sa noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura, tumatir da shinkafa suka wadata, a lokacin ne tukunyar shinkafa da miyar dage-dage ta samu wurin zama kusa da ta tuwo. Ma'aikatan masana'antun Bompai suka zama manyan masu ciniki, ana aiko yaro da keke ya ɗauki langa goma. A watan Afrilun 1984 aka sauya launin takardun kuɗi cikin 'yan kwanaki, masu ajiya a wurin Hajiya suka yi ta zuwa hankali a tashe. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, sannan daga baya masaƙu da kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, masu langa goma suka koma zuwa da ƙafarsu suna neman na bashi.

Na kusa-kusa kuwa kowa ya gani. Dokar hana fita bayan harin 20 ga Janairun 2012 ta kashe cinikin dare. Kullen korona na Afrilun 2020 ya sa aka sauke tukunya makonni, abin da ko rasuwar Iya bai sa an yi ba sai na kwanakin zaman makoki. A farkon 2023 takardar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, jikar da ke riƙe da wurin ta koyi karɓar tiransifa a waya, ga layin mutane kowa yana jiran alat kafin ya wanke hannu. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin kawo hatsi daga Dawanau da na niƙa da na itace duk suka tashi tare. Akushi ya ba samira wuri, samira ta ba roba, malmala ta shiga leda. Da duk wannan, gidan bai mutu ba. Wace ma'aikata ce a jihar nan za ta iya ba da labarin farashin mudun dawa da yadda talaka ya ji da shi tun daga zamanin kwabo mai huji zuwa yau, kamar yadda wannan tsohuwa za ta bayar tana zaune a kan tabarma?

Akwai dalilin da ya sa ba a rubuta irin wannan tarihi ba, kuma gara a faɗe shi ba ɓoye-ɓoye. Mun daɗe muna kallon macen da ta fito sayar da abinci a tasha ko a bakin kasuwa da ido na raini. Ana ce musu 'yan tuwo-tuwo, kuma mai faɗa ya san abin da yake nufi. Alhali da yawansu zawarawa ne da matan da mutuwa ta raba da maza, waɗanda suka zaɓi hayaƙi a kan roƙo. Da kuɗin tuwo Iya ta aurar da 'ya'yanta, da shi Hajiya ta sauke farali, da shi aka biya wa jikoki makaranta har wasu suka gama jami'a. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin waɗanda aka yi wa karatu da wannan gumi akwai masu jin nauyin a san sana'ar kakarsu. Idan hukuma irin taku ta taka ta je ta ce, Hajiya mun zo ne mu ji daga bakinki domin abin da kika yi tarihi ne, wannan kaɗai zai ɗaga kan iyalai da yawa.

Ba ina cewa a rubuta yabo zalla ba ne. A rubuta har da abin da ba daɗi. Hayaƙin itace ya ci idon mata da ƙirjinsu, Hajiya ma yanzu ganinta ya yi rauni. 'Yan mata da yawa sun tashi a wanke-wanke da talla a lokacin da sa'o'insu ke aji. Akwai wuraren da kwata ke gudana kusa da tukunya, akwai inda ruwan wanke kwano ɗaya ke kaiwa yamma. Masu sana'ar sun fi kowa sanin haka, kuma in aka tambaye su cikin mutunci za su faɗi yadda aka yi da abin da ya hana gyara.

Kuma wannan gida ɗaya ne cikin da yawa. Gurasa ta shigo mana ta hannun Larabawan arewacin Afirka da suka zauna a birni saboda fatauci, ta zauna ta zama tamu, har akwai unguwar da ake kira Ceɗiyar 'Yan Gurasa, kuma a wajejen Jakara akwai gidajen da tanderu ya wuce daga kaka zuwa uwa zuwa 'ya. Hana shigo da alkama da aka yi a 1987 ya taɓa su kai tsaye, wa ya tambaye su yadda suka yi? Akwai mahauta da ke ƙarƙashin Sarkin Fawa, masu tukuba da balangu da kilishi, waɗanda 'ya'yansu suka kai sana'ar Sabo ta Ibadan da Obalende a Ikko da zangon Kumasi, har tsire ya zama abincin ƙasashe. Akwai masu fura a Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Muhammadu Rumfa. Akwai masu shayin da teburinsu ya ga siyasar NEPU da PRP, inda ake kunna rediyo a saurari labaran safe a yi ta musu har rana ta take. Akwai gidajen abincin Sabon Gari, na Yarbawa da Inyamurai da suka haifi 'ya'ya da jikoki a nan, su ma Kano ce.

Wasu ƙasashe sun riga sun gane. A 2020 Singafo ta sa an shigar da al'adar masu sayar da abinci a rumfunan kasuwa cikin wancan jerin na UNESCO, a 2021 Senegal ta shigar da dafa-dukarta ta shinkafa da kifi, a 2024 kuma, a zaman da aka karɓi hawan sallar Kano, Kodebuwa ta shigar da aceke, abincinta na rogo. Ban kawo su don a ce gobe a kai tuwo gaban UNESCO ba. Na kawo su ne don a ga cewa abin da mai ɗan ƙaramin ƙarfi yake dafawa yana sayarwa ya isa hukuma ta ba shi takarda da lokaci.

Abin da nake nema bai kai kuɗin gyaran ƙofar gari ɗaya ba. A fara da masu unguwanni da dagatai a ƙananan hukumomin cikin birni takwas, su sun san kowace tsohuwar tukunya a yankinsu, a ce kowa ya kawo sunan wuraren da suka haura shekara arba'in. Sannan a nemi haɗin kan Jami'ar Bayero, sashen tarihi da na harsunan Najeriya, ɗalibansu kullum neman abin da za su yi bincike a kai suke. A nan ina jaddada abu ɗaya: a tura mata. Tsohuwa ba za ta buɗe cikinta ga saurayi da rikoda a zaure ba, amma idan ɗaliba ta shiga ciki ta zauna tana taya ta gyaran kuɓewa, za ta ji abin da ba a taɓa faɗa wa kowa ba. A ɗauki murya da Hausar mai magana yadda ta fito, kada a gyara mata ita, a ɗauki hoto in ta yarda, a bar ta in ta ƙi. Kada a matsa wa kowa ya faɗi sirrin haɗin yajinsa ko na miyarsa, wannan jarinsa ne da gadon 'ya'yansa. Abin da aka tara a ajiye a Gidan Ɗan Hausa inda mai bincike zai samu, a ba iyalin nasu kwafi, a kuma ba gidajen rediyo su saka, tunda masu wannan tarihi da masu cin tuwon ta rediyo suka fi jin magana.

Akwai kuma abu ɗaya da takardar hukuma za ta yi wanda rikoda ba za ta yi ba. Birni yana faɗaɗa, ana buɗe tituna, ana gina gadoji da rukunin shaguna, kuma ba wanda yake ƙin ci gaba. Amma idan aikin ya biyo ta kan rumfar da ta shekara hamsin, ba ta da abin nunawa, sai a kwashe benci a watse, masu ciniki su zo gobe su tarar da fili. Na ga an yi wa wata mai waina haka, aka tura ta bayan gari inda ba wanda ya san ta, ba ta shekara ba ta daina. Da a ce akwai rajista a hannunku, da ɗan allo a bango mai cewa wannan wuri yana cikin tsofaffin wuraren abinci na Kano, da masu tsara gari za su san da shi tun a kan takarda, ko da tashi ya zama dole a nema masa gurbi a kusa, inda mutanensa za su iya zuwa da ƙafa.

Ina roƙon a fara da waɗanda suka fi tsufa, ko da rajistar ba ta kammala ba. Na yi magana da Hajiya da jikarta, sun amince a zo. Sun ce bayan la'asar ya fi, lokacin ciniki ya lafa an sauke tukunyar rana, kuma ban da Juma'a. Akwai wasu tsofaffin masu ciniki biyu, ɗaya tsohon ɗan dakon gyaɗa, ɗaya tsohon ma'aikacin reluwe, da suka ce su ma za su zo su faɗi nasu. Idan hukuma ta amsa ta inda aka buga wannan wasiƙa, zan bayar da adireshi in kuma yi wa wakilanku jagora.

Allah Ya ƙara wa shugaba lafiya, Ya taimake ku a kan wannan aiki.

Wassalam.

Naku,
Wani mazaunin Fagge, Kano.